Hausa Ta Zama Harshen Ƙasa, To Wa Zai Buga Littattafan?

Idan mai karatu bai manta ba, a ƙarshen watan Maris na shekarar 2025 ne hukumomin ƙasarmu Nijar suka fitar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya biyo bayan babban taron da aka yi a Yamai cikin watan Fabrairu, kuma a cikin wannan kundi ne aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa suka koma harsunan aiki. An sha muhawara a kan wannan mataki, wasu na murna, wasu daga cikin masu jin Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci na ganin an fifita wani harshe a kan nasu. Wannan muhawara tana nan, kuma ba a shafi ɗaya za a gama ta ba. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: yaron da aka koya wa karatun Hausa a lakwal, idan ya koma gida me zai karanta?

Duk wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ko Damagaram ko Ƙonni a cikin shekaru talatin da suka wuce, ya nemi littafin labari da Hausar boko, to kusan duk abin da za a miƙo masa daga Kano ya fito. Ƴan siraran littattafai ne masu takarda irin ta jarida, da bango mai launi ɗauke da hoton wata ƴar fim, an raba labarin kashi biyu ko uku ko huɗu, domin wanda ya sayi na farko dole ya dawo neman na biyu. Ku ƴan kasuwar kan iyaka kun fi kowa saninsu, domin a cikin kayanku suka riƙa ƙetarowa ta Jibiya da Ɗan Isa, ta Maigatari, ta Illela, a ƙarƙashin dilar atamfa ko tsakanin kwalayen sabulu. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, babu hannun gwamnatin Nijeriya a cikinsu, babu kuma wani babban kamfanin ɗab'i. Marubutan ne da kansu suka biya maɗaba'a.

Yadda abin ya faro yana da darasi a gare mu. Tun zamanin Turawa, buga littafin Hausa a Nijeriya aikin hukuma ne da ke Zariya, daga kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945 zuwa kamfanin NNPC da ya biyo baya a 1966. Shi NNPC ne ma ya buga littafin Hafsat Abdulwaheed, So Aljannar Duniya, a 1980, bayan wata gasa da ya shirya. To amma sai tattalin arzikin Nijeriya ya durƙushe, gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, naira ta faɗi, kamfanonin suka tattara ƙarfinsu kan littattafan makaranta kawai, domin nan ne riba take. A daidai wannan lokaci kuma yaran da suka shiga makaranta a ƙarƙashin shirin ilimin firamare kyauta na 1976 sun girma, sun iya karatu, ba su da abin karantawa. Wato ga masu saye, babu kaya. Kowane ɗan kasuwa ya san abin da ke faruwa idan aka samu haka.

Matasa maza da mata suka shiga rubuta labaransu a littafin rubutu na ƴan makaranta, su kai a buga musu da tafireta, su haɗa ɗan abin da suka tara ko suka ranto, su kai wa ƙananan maɗaba'u na cikin gari. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kwikwiyo Ne a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, littafin da har a wannan ɓangare namu na iyaka da wuya ka sami mai karatun Hausa na wancan zamani da bai san shi ba. Bilkisu Ahmed Funtuwa ta biyo da Allura Cikin Ruwa. Bayansu sai ɗaruruwa.

Amma mutum ɗaya da littafinsa ba ya yin kasuwa, kuma nan ne nake son mai karatu ya tsaya ya lura. Marubutan sun haɗu cikin ƙungiyoyi, mafi shahara ita ce Raina Kama, wadda Ado Gidan Dabino da Balaraba Ramat da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar Ƴangurasa suke cikin jagororinta, akwai kuma Kukan Kurciya da wasunsu. Sunan Raina Kama kansa amsa ce ga masu ganin ƴan sakandare da matan aure ba su isa su rubuta littafi ba. Aikin ƙungiya shi ne wanda ya riga ya buga ya nuna wa sabo maɗaba'ar da ba za ta cuce shi ba, a duba masa rubutu, a gyara masa ƙa'ida, a haɗa shi da masu kantin littattafai na kasuwar Sabon Gari. Idan ka buɗe littafin ɗan ƙungiya za ka tarar da jerin sunayen littattafan sauran ƴan uwansa, da waɗanda suka fito da waɗanda ke tafe, da wuraren da ake samunsu. Kowane littafi talla ne ga sauran. Masu kanti su karɓi kaya bashi, su biya bayan an sayar, ƴan sari daga wasu garuruwa su ɗauka su wuce da su. A unguwanni kuma aka sami masu bayar da haya, yarinya ta biya ɗan abin da bai kai kuɗin saye ba ta karanta ta mayar, ga gidajen rediyo suna karanta labaran ga waɗanda ba su iya karatu ba. Littafi ɗaya sai ya zagaye gida biyar kafin bangonsa ya yage.

Ba Hausawa kaɗai suka taɓa bin wannan hanya ba. A ƙasashen Turawa akwai abin da suke kira zin, wato ƴar mujallar da mutum ke rubutawa ya buga da kansa ba don neman riba ba. Ana danganta farkonta da wata mai suna The Comet da masu son labaran kimiyya suka fitar a birnin Shikago na Amurka a 1930. A 1976 wani matashi ma'aikacin banki a Landan, Mark Perry, ya rubuta tasa mai suna Sniffin' Glue kan kiɗan da matasa ke yayi, ya buga kwafi 50 da injin fotokwafi, kafin a ankara ta zama abin koyi a Ingila. A 1982 kuma aka fara wata a Amurka, Factsheet Five, wadda ba ta da aiki sai jera sunayen sauran da inda za a same su, daidai abin da ƴan Raina Kama suka riƙa yi a bayan littattafansu ba tare da sun san da zamanta ba. Har yau masu wannan al'ada suna haɗa ƴan kasuwanni na kwana ɗaya ko biyu suna saye da musaya a tsakaninsu. Bambancin shi ne su sha'awa ce ta haɗa su, na Kano kuwa sha'awa ce da neman abinci.

Masu ilimin jami'a ba su karɓi abin hannu biyu ba. Malam Ibrahim Malumfashi ne ya raɗa masa suna Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta shi da ƴan littattafan Ingilishi na kasuwar Anaca da suka yi tashe kafin yaƙin basasar 1967 ya kashe kasuwarsu. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya tsaya musu, aka yi ta kai ruwa rana a jaridu. Sai kuma hukuma ta shigo. An kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta jihar Kano a 2001, a 2007 kuma, zamanin gwamna Ibrahim Shekarau, aka ƙona littattafan da aka karɓe daga hannun ƴan makaranta a bainar jama'a, sannan hukumar a ƙarƙashin Abubakar Rabo ta nemi kowane marubuci ya yi rajista ya kuma kawo rubutunsa a duba kafin ya buga. Ƙungiyoyin marubuta ne suka haɗa kai suka ja da wannan. Gaskiya akwai littattafan da ba su dace a bar wa yara ba, ba mai musun haka. To amma wuta ba ta bambanta mai kyau da mummuna, kuma shi wancan Alhaki Kwikwiyo Ne, ɗaya daga cikin littattafan da aka riƙa kira na kasuwa, shi ne aka fassara zuwa Ingilishi aka buga a ƙasar Indiya a 2012.

Abin da ya karya kasuwar takarda dai ba ƙona littafi ba ne, tsada ce da wayar salula. Masana'antun takarda na Nijeriya da ke Jabba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe da durƙushewa, saboda haka kusan duk takardar da ake bugu da ita daga waje ake shigo da ita, da dala. Dalar Amurka da ake canzawa kimanin naira 460 a farashin gwamnati a watan Mayun 2023, ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Mai sefa a aljihu ya ji daɗin wannan idan ya shiga Kano sari, amma marubuciyar da za ta sayi takarda da naira ta rasa yadda za ta yi. Ga kuma masu kanti da tun tuni suka koma sayen rubutun kacokan a kan kuɗi kaɗan, su buga su ci ribar su kaɗai. Sai batun iyaka, wanda ba sai na tuna muku ba: an rufe a watan Agustan 2019, ba a buɗe Illela da Maigatari ba sai Disambar 2020, Jibiya kuwa sai Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Wanda ya sha wahalar ƙetaro da kaya a wancan lokaci, shinkafa da taliya da man fetur zai sa a gaba, ba littafin soyayya ba.

Marubutan ba su daina ba, wuri suka canza. Yanzu marubuciya tana buɗe zaure a WhatsApp, ta saki shafukan farko kyauta, idan labari ya yi daɗi sai ta ce mai son ci gaba ya biya. A ƙasan tallan nata sau da yawa za ka ga an ware wa ƴan Nijar tasu lambar da farashinsu da sefa, su biya da katin waya ko ta kamfanonin aika kuɗi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa masu karatu a ɓangarenmu suna nan, kuma suna biya. Wasu na sakawa a Wattpad, wasu na sayar wa masu karantawa a YouTube. Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta mata zalla a 2016, ta kuma fito da sababbin sunaye. Sai dai gidan aro ba shi da tabbas. Manhajar OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Kuma labarin da aka biya wa kuɗi yau, gobe wani ya kwafe ya watsa wa mutum ɗari kyauta. Mafi muni a ganina, babu sauran mai dubawa. A da ɗan ƙungiya yana jin kunyar ƴan uwansa, mai kanti yana tsoron abin da zai ɓata masa suna a kasuwa. A waya babu wannan birki, shi ya sa batsar da ake kuka da ita yanzu ta fi ta lokacin da aka kunna wa littattafai wuta.

Mu dawo gida. An fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, kuma akwai maɗaba'u irin su Albasa da Gashingo da suka buga littattafai cikin harsunan ƙasa. Amma galibin wannan aiki da tallafin hukuma ko na ƙungiyoyin waje ya tafi, littattafan kuma a lakwal da ofisoshi suka tsaya, ba su sauko tebur a kasuwa ba. Da tallafi ya yanke sai aiki ya tsaya. Har yanzu manyan da suka iya karatu a ƙasar nan ba su kai rabi ba, kuma wanda ya koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci idan ya shekara biyu bai ga abin karantawa ba, karatun guduwa yake yi. Mu da ke aiki a rediyon karkara mun san yadda masu saurare ke son labari, sai dai kusan duk wanda za mu karanta musu, a Kano ko Kaduna ko Abuja ake yin sa, da naira ake ciniki a ciki, da sunayen unguwannin da mai saurare a Tasawa ko Madawa bai taɓa gani ba. Ina labarin ɗan ci-rani da ya tafi Libiya ta Agadas? Ina na mai albasar Galmi, ko na matar da mijinta ya shekara uku a Abijan?

Ba na tsammanin doka ko wani kwamiti a Yamai zai haifar da waɗannan littattafai. Abin da hukuma za ta iya yi kaɗan ne amma yana da amfani: ta sauƙaƙa kuɗin duwan a kan takarda da tawada, ta bar ƙananan littattafai su wuce iyaka ba tare da an tsare mai su ba, kada kuma ta fara da kafa hukumar tacewa tun kafin a sami abin da za a tace. Sauran aikin na marubuta ne da ƴan kasuwa. Malaman lakwal da ƴan wasan kwaikwayo na rediyo da ke da labarai a ajiye za su iya haɗuwa su biyar ko goma, su yi adashi, a buga na mutum ɗaya, kuɗin da ya dawo a buga na mai bi masa. A yanzu da sefa ta fi naira ƙarfi, kai aiki maɗaba'ar Kano ya fi sauƙi ga ɗan Nijar fiye da shekarun baya, kuma bambancin rubutun Hausarmu da tasu bai wuce ƴan haruffa ba. Wanda zai kai rubutun ya dawo da kwalayen kuwa, shi ne dai wannan ɗan kasuwa da ke shiga Kwari da Sabon Gari duk mako, wanda ya riga ya san direba, ya san ma'aikacin duwan, ya kuma san tebur nawa ne a kasuwar garinsu za su karɓi kwafi ashirin bashi.