Haƙƙin Masu Tukunya A Kan Matafiya

Zuwa ga malamai da fatake masu bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi: Ina so in yi magana a kan waɗansu mutane da kowa ke cin moriyarsu amma ba mai ambatonsu, watau masu sayar da abinci a zaurukan gidajensu a Gangara da sauran ƙauyukan ƙasar Jibiya, da masu shayin da ke hura wuta tun gabanin asuba.

Kwanan baya dare ya yi mini a Gangara, aka nuna mini gidan wata tsohuwa. Ita tana daga ciki tana tuƙa tuwon dawa, surukarta na kaɗa miyar kuka, jikanta kuwa shi ke fito da kwanuka zaure, ya karɓi kuɗi. Wanda ya ba da naira a karɓa, wanda ya ba da sefa a karɓa, yaron ya san lissafin dala da jaka sai ka ce ɗan kasuwar Maraɗi. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne waɗansu zane-zanen gawayi a jikin bangon zauren. Da na tambaya sai aka ce bashi ne, kowane zane kwano guda, na direbobi da 'yan dako da fatake waɗanda suka ci suka ce sai sun komo.

To, da yawansu ba su komo ba, dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. A tsakani, cikin 2021, gwamnatin Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana cinikin dabbobi a kasuwa saboda ɓarnar 'yan bindiga. Mutane ba su gama farfaɗowa ba sai sojoji suka tumɓuke Shugaba Bazoum ran 26 ga Yulin 2023, aka sake rufe iyaka har Maris na 2024. Attajiri, in an tare masa hanya, sai ya juya dukiyarsa Kano. Mai tuwo fa, ina za ta juya tukunyarta? Tuwon da ya kwana ba ya sayuwa, sai dai ɗumame ga jikoki da almajirai, alhali ita ma dawar da itacen bashi ta karɓo.

Na san waɗansu malamai suna ƙyamar zama a irin wuraren nan, domin masana fiƙihu sun ce cin abinci a kasuwa yana rage mutuncin mutum, har ya taɓa karɓar shaidarsa. Wannan magana ce sananniya, ba na ja da ita. Sai dai an faɗe ta ne a kan mazauni mai gida kusa, wanda ya tsaya ci a idon jama'a ba da lalura ba. Matafiyin da ya shiga zaure, ya zauna kan tabarma, ya wanke hannu ya ci ya biya, lalle ba shi ake nufi ba. Malam, almajiranka a ƙofar gidajen nan suke samun ragowa safe da yamma. Bai kamata hannun da ke ci da su ya zama abin raini gare ka ba.

Ku kuwa fatake, ku tuna zamanin ayarin jakuna. Kakanninku a zango suke sauka, fatoma ya ba su masauki, matansa su dafa, kuma ba madugun da zai tashi ayari da bashin tuwo a kansa, don ya san ta nan zai komo. Da manyan motoci suka zo, zanguna suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Yanzu ga hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka aza harsashinta a 2021, ta Jibiya za ta bi. Alheri ce ga mai kaya, ban musa ba, amma jirgi ba ya tsayawa don fasinja ya jira a sauke tukunya.

Saboda haka abin da nake roƙo kaɗan ne. Wanda ya san yana da zane a bangon wani zaure, ya je a share shi, ko ya aika da kuɗin ta hannun direba ran kasuwar Jibiya. Shugabannin tasha kuma su riƙa tambayar yaransu wannan bashi kamar yadda suke tambayar kuɗin lodi. Ni dai da zan tashi na ƙirga zanen bango ɗaya har na gaji na bari, tsohuwar kuwa ta aiko jikanta ya ce in na komo in zo da wuri, ran nan miyar kuɓewa za ta yi.