Filin ƙarin sani: Nauyin saƙo da makullinsa

A Sarkin Yamma, kamar sauran garuruwan Madarunfa, manoma da makiyaya da yawa suna aika saƙo da salula ga ƴan'uwansu na Maraɗi, Katsina ko Agadas. Sau da yawa mutum ya sayi mega da safe, kafin azahar ta ƙare, sai ya ce an cuce shi. Alhali saƙo kaya ne, kowane da nauyinsa.

Ana auna nauyin saƙo da kilo da mega. Wannan kilo ba na sikeli ba ne. Kilo kamar 1.000 su ne mega 1. Rubutu ya fi kowane sauƙi. Muryar minti 1 ba ta kai rabin mega ba. Hoto 1 na iya kai mega 3. Bidiyo kuwa shi ne jakin da ke cinye harawa duka.

Kafin WhatsApp ya aika hoto, yana matse shi, kamar yadda kwandon ɗanyen zogale ke komawa ɗan kaɗan in an shanya. Hoton mega 3 sai ya koma ƙasa da rabin mega, ya tafi ko da rezo ba ƙarfi. Amma matsi na rage kyan gani. Wanda zai nuna wa likitan dabbobi miki a kofaton saniya, ko ya nuna wa malamin gona tsutsa a zangarniyar gero, ya matsa kusa da abin, cikin haske, sannan ya ɗauka.

Sai maganar makulli. Tun 2016 WhatsApp ke kulle kowane saƙo. A hanya yana zama hargitsattsen rubutu, ko kamfanin waya ba ya iya karanta shi. Salular wanda aka aika wa ita ke buɗe shi. Saƙon SMS ba shi da irin wannan makulli.

Sai dai makullin na hanya ne kawai. In gurup na da mutum 200, duka 200 sun ji. A wannan yanki na bakin iyaka, inda ɓarayin shanu ke kasa kunne, makiyayin da ya faɗi mashayar garkensa cikin gurup ya faɗa wa kasuwa. Haka wanda ya aika hoton takardar kuɗin da aka turo masa.

Akwai kuma lamba 6 da WhatsApp ke turowa in za a buɗe shi a sabuwar salula. Wanda ya kira ya roƙi wannan lamba, ko ya ce shi ma'aikaci ne, kada a ba shi. In ya same ta, zai riƙa roƙon kuɗi wurin dangi da sunan mai lambar.