Uwargida, an shirya amalanken gidanki kafin ruwa ya sauka?



Bara na kai ziyara wurin yayata a wani ƙauye kusa da Shagari, na tarar tana shanya gero buhu biyu da ya jiƙe. Maigidanta ya sa kafinta ya yi wa amalankensu akwatin katako da 'yar rumfa, don yara su samu inuwa in za a tafi gona ko kasuwa. Aiki ya yi kyau, amma ba a shafa masa komai ba. Damina ɗaya tak, katakon ƙasa ya ruɓe, rumfa ta fara yoyo.

Za ki ce ai wannan aikin maza ne. Gaskiya ne, amma 'ya'yanki ne ke zama a ciki, abincinki ake ɗorawa, kuma ran da naƙuda ta taso cikin dare, wataƙila shi zai fitar da ke bakin titin Bodinga.

Katako a ƙasar Sakkwato yana shan wuya sau uku a shekara. Hunturu ya busar da shi ya tsage, zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ya ƙara buɗe tsagar, sannan ruwan Yuni zuwa Satumba ya shige ya kwanta. Don haka lokacin gyara shi ne bazara, katako na bushe. Fentin da aka shafa a kan danshi kumbura yake yi ya ɓare.

Ga abin da za ki tuna wa maigida:

Na farko, a goge katakon ya yi sumul, a kakkaɓe ƙura. A toshe tsaga da ramukan ƙusa da garin katako kwaɓe da gam na kafinta.

Na biyu, a fi ba da ƙarfi a bakin katako, wato inda zarto ya yanka. Nan ne yake zuƙar ruwa kamar lagwani. A shafe shi sosai, haka ma mahaɗa da ƙarƙashin amalanken, inda taya ke watsa taɓo.

Na uku, fentin mai za a saya, ba na ruwa da ake shafa wa bangon ɗaki ba. A yi shafi biyu ko uku marasa kauri, kowanne ya kwana ya bushe. Fari ko mai haske ya fi, don ba ya tara zafi.

Na huɗu, rufin kwano ko tamfol ya ɗan karkata, ya kuma zarce jikin akwatin, ruwa ya zuba waje.

Sai abu biyu da nake roƙon ki tsaya a kansu. Kada a shafa baƙin man inji a inda yara ke zama ko ake ɗora hatsi. Na san yana da araha, ana kuma shafa shi don gara, amma guba ne. Sannan a nemi fentin da aka rubuta babu dalma a cikinsa. Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400. Wasu fentin mai suna ɗauke da ita, kuma ƙurar tsohon fenti ita yaro ke lasa a hannu. Ranar guga, yara da mai juna biyu su yi nisa, a share wurin da ruwa.

Yayata ta sayar da akuya ɗaya aka sake katakon. Gwangwanin fenti bai kai kuɗin akuya ba.

Yau da yamma ki leƙa ƙarƙashin naku, ki danna katakon da yatsa. In ya lotsa, ki yi magana tun hadari bai haɗo ba. Allah Ya ba mu damina mai albarka.