Ba kowane ƙurji ne laifin ƙwai ba

Akwai wata magana da ta ishe ni ji a Damagaram, daga Birni har Garin Malam: "Bai karɓe shi ba." Jariri ya cika wata shida, an ɗanɗana masa ƙwai ko kunun gyaɗa, bayan kwana biyu sai ga ƙuraje a wuya ko zawo, shi ke nan an yanke hukunci. Kaka ta ce a daina, maƙwabciya ta ce nata ma haka ya yi, maigida ya yi gum tunda cefane ya ragu. Sai a mai da yaro kan koko tsararo har yaye. Ni dai na ce wannan hukunci zalunci ne, kuma yaron da ba ya iya magana shi ke biyan tara.

Ku dubi lokacin da abin ke faruwa. Wata shida zuwa tara shi ne lokacin da yaro ke fara rarrafe, duk abin da hannunsa ya kai sai baki. Ruwan da aka dama kunun, a garin da kowa ya san wahalar ruwansa, sau da yawa ya kwana a jarka. Kunun safe kuma ana ajiye shi a ba yaro da la'asar, cikin zafin watan Afrilu. Ƙurajen zufa sun cika wuyan manya ma, balle jariri da aka goya yini guda. Duk waɗannan na nan a tsaye, amma ƙwai ɗaya da ya ci shekaranjiya aka kama.

Ban ce babu abincin da jiki ke ƙi ba. Akwai, kuma yana iya kisa. Amma yana da kamanni. Yakan zo da sauri, cikin mintoci zuwa awa biyu bayan cin abin: borin jini ya taso a jiki, leɓe ko fatar ido su kumbura, amai ya biyo amai. In numfashi ya fara ƙara, ko murya ta shaƙe, ko yaro ya yi laushi, ba a jiran maigida ya dawo, ba a jiƙa sassaƙe. A ruga da shi likita mafi kusa, kuma kada a sake ba shi abin sai ma'aikacin lafiya ya ce. Abin haushi, gidan da ke hana ƙwai kan ƙurajen zufa shi ne kuma zai ga leɓe ya kumbura ya ce iska ce.

Gyaɗa ce ta fi ba ni takaici. Muna nomanta a Magarya da Matamaye, muna hana ta jariranmu, sannan in tamowa ta kama yaro a kai shi likita a ba shi Plumpy'Nut. Mene ne a cikin ledar nan? Gyaɗa ce da madara da mai da sukari. Tun yunwar 2005 ake ceton ƴaƴan Nijar da ita. A Ingila kuwa, a 2015, likita Gideon Lack da abokan aikinsa sun fitar da binciken da suka yi kan jarirai 640 masu haɗarin ƙin gyaɗa. Waɗanda aka fara ba su ita da wuri, matsalar ta ragu a cikinsu da kusan kashi 80 cikin 100 in an gwada da waɗanda aka hana. Wato hanin ma ba kariya ba ne. Sai dai a niƙa ta a dama, kar a ba jariri ƙwayarta ta shaƙe shi, a kuma tsince wadda ta yi fumfuna. Yaron da fatarsa ke yawan ƙaiƙayi da bushewa tun yana ɗan ƙarami, shi a fara nuna shi likita.

Zancen wai ƙwai na sa yaro sata, ban san ɓarawon da aka taɓa kamawa a kasuwar Dole aka ce ƙwai ne ya lalata shi ba.

Malamai, ƴan matan da ke gabanku a aji su ne ke goyon ƙannensu yau, gobe kuma nasu za su goya. Ku koya musu abin da ba ya cin ko dala: sabon abinci ɗaya a lokaci guda, kaɗan, da safe don a samu yinin lura, a bar kwana biyu ko uku kafin a ƙara wani. Ƙwai a dafa shi ya nuna sosai. Nono kuwa a ci gaba da ba shi, ko ana zawo. In ƙurji ya fito, uwa ta riƙe abu uku da za ta faɗa a likita: me ya ci, ƙarfe nawa ya ci, ƙarfe nawa abin ya fito.