Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Editocin Mujallun Jami'o'inmu



Mai bincike kan shafe damina a ƙauye yana auna ruwan sama, yana ƙirga damman gero. Maƙala ta fito, alƙaluman kuwa su maƙale a kwamfutarsa. In wani ya karɓa ya yi aiki da su, ba a sanin gumin wa ya ci.

Tun 2009 aka kafa DataCite domin ba tarin bayanai lambar DOI, irin wadda Crossref ke ba maƙaloli, kuma rumbun Zenodo na bayar da ita kyauta. Idan lambar ta shiga manazarta, na'ura za ta iya bin sawun duk maƙalar da ta amfana. Godiya a ƙasan shafi ba ta ƙirguwa.

Don Allah ku wajabta sa lambar tarin bayanan a manazarta kafin ku karɓi kowace maƙala.

Wassalam.