Harajin albashi a Najeriya: ɗan kasuwar Nijar ya yi da kansa ko ya ba kwantabul?

Tun ranar 1 ga Janairu 2026 sababbin dokokin haraji da shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni 2025 suka fara aiki a Najeriya. Lamarin ya shafi ƴan kasuwar Maraɗi, Damagaram da Birnin Ƙonni da ke da shago ko sito a ƙetaren iyaka, domin duk wanda ya yi rajistar kamfani can kuma yake biyan albashi, doka ta ɗora masa cire haraji daga albashin ma'aikaci ya zuba wa hukuma.

A Nijar hanyar ɗaya ce. Harajin albashi, wato ITS, yana tafiya hannun DGI, kuɗin kariyar ma'aikata kuma hannun CNSS, ko ma'aikacin yana Tawa ko yana Yamai. A Najeriya jiha ce ke karɓar wannan haraji da ake kira PAYE, kuma jihar da ma'aikaci yake zaune ita ke da shi, ko da hedkwatar kamfanin tana wani wuri. Ɗan kasuwar da ke da mai tsaron shago a Katsina, mai kula da sito a Kano da direba mazaunin Sakkwato yana hulɗa da hukumomi uku, kowace da rajistarta da rasiɗinta da masu bincikenta. Sabuwar doka ta maida FIRS ta tarayya zuwa NRS, amma harajin albashi ta bar shi a hannun jihohi.

Lissafin kansa ya sauya. Naira 800,000 na farko a shekara ba a cire musu komai. Daga nan zuwa miliyan 3 ana cire kashi 15 cikin ɗari, mataki na hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Tsohon rangwamen da kowa ke samu an soke shi, an kawo rangwamen haya: kashi 20 na kuɗin hayar gida, iyakarsa naira 500,000. Ma'aikacin da abin da za a yi wa haraji a albashinsa ya kai naira 150,000 a wata, za a cire masa 12,500. Wanda ya ci gaba da tsohon jadawali, ko dai ya cuci yaronsa ko ya tara wa kansa bashin gwamnati.

Kuɗin da aka cire ana zuba su kafin 10 ga wata mai bi, sannan a miƙa bayanin shekara kafin ƙarshen Janairu, ga kowace jiha daban. Rashin miƙa bayani yana jawo tarar naira 100,000 a watan farko da 50,000 a kowane wata bayansa. Ga ƙaramin kamfani, tarar jihohi uku na iya haɗiye ribar tirelar albasa.

Masu riƙe aikin a gida suna da hujja. Kuɗin kwantabul ya tsira, sirrin albashi bai fita ba, kuma maigida yana ganin kowane rasiɗi da idonsa. In ma'aikata kaɗan ne a jiha ɗaya, kuma albashinsu ba ya canzawa, yaro mai ilimi da kwamfuta ya isa. Matsalar ita ce yawancin masu riƙe littafi a gidajen kasuwancinmu sun yi karatu da Faransanci a kan tsarin OHADA, wanda Najeriya ba ta cikinsa. Gwanin lissafi a Maraɗi baƙo ne a ofishin haraji na Kano. Kuma ranar da yaron ya bar aiki, sanin yana tafiya da shi.

Ba wa ofishin kwantabul aikin yana rage wannan wahala, amma akwai abin da ba ya ɗaukewa: a idon doka mai kamfani ne ke da alhaki. In wakili ya karɓi kuɗi bai zuba ba, ko ya zuba kuɗin Katsina a asusun Kano, shagon maigida za a rufe, kuma dawo da kuɗi daga jihar da ba ta da haƙƙi a kansu doguwar tafiya ce. Shi ya sa ya kamata a tabbatar wakilin mamba ne na ICAN, ANAN ko CITN, a rubuta yarjejeniya, a kuma riƙa karɓar rasiɗin kowace jiha duk wata.

Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne yawan jihohi, fiye da yawan ma'aikata. Mutum ashirin a Kano kaɗai sun fi sauƙi a kan mutum shida a jihohi huɗu. Daga jiha ta biyu, hanyar tsakiya ta fi tsaro: kwantabul ya yi lissafi da cike takardu, maigida ya zuba kuɗin da kansa daga asusun bankin kamfani.

Tun ficewar Nijar daga CEDEAO a Janairu 2025, ɗan Nijar mai kasuwanci a Najeriya yana da ƙarin dalilin tsaftace takardunsa. Takardar shaidar biyan haraji ana neman ta wajen kwangila da lasisi da wasu hulɗoɗin banki, kuma ba a bayar da ita ga wanda jiha ke bi bashi.