Wanda ya fita ba madugu, shi ne madugun kansa

Da an gama girbin gero, tashoshin mota na Tasawa da Mayahi kan cika da matasa masu niyyar ƙetare iyaka. A da, fatake ba sa tashi sai da madugu, kuma mai masauki na jiransu a zangon Kumasi ko Akara. Yau saurayi kan ɗauki jaka da wayar salula ya kama hanya shi kaɗai. Ba laifi ba ne. Laifin shi ne mantawa cewa aikin madugu ya dawo wuyansa.

Na farko takardu. Nijar ta fice daga CEDEAO ranar 29 ga Janairun 2025. Ƙungiyar ta ce za ta ci gaba da amincewa da fasfo da katin ɗan ƙasa na 'yan Nijar, amma har zuwa wani sabon umarni. Don haka matafiyi ya bincika kafin ya sayi tikiti, ya riƙe katin rigakafin shawara, ya ajiye hoton takardunsa a waya, ya bar kwafi a gida.

Na biyu guzuri. Sefar Nijar na aiki a Abijan, Lome da Wagadugu, amma ba ita ake kashewa a Cadi da Kamaru ba, balle Kano ko Akara. Kuɗin komawa kuwa a ware su daban. Waɗanda rufe iyakar Jibiya ya rutsa da su a Agustan 2023 sun san dalili.

Na uku, wani a gida ya san motar da aka shiga, garin da aka nufa da wanda za a sauka wurinsa.

Akwai kuma hanyar da ƙarfin hali ba ya amfani a cikinta: Sahara. Soke dokar hana safarar baƙin haure a Nuwamban 2023 bai rage mata ƙishirwa ba. A Oktoban 2013 an tsinci gawawwaki 92, galibi mata da yara, a arewacin Arlit. Waɗanda Aljeriya ke korowa kuwa sukan taka kusan kilomita 15 a ƙafa kafin su isa Assamaka.

Tafiya mabuɗin ilimi ce, amma ga wanda ya dawo. Matashin da bai san inda zai kwana a daren farko ba, gara ya ƙara mako guda a gida yana tambaya, domin matambayi ba ya ɓata.